Agogon ƙararrawa na haɗin gida: a kula da akwatin

Ɗalibin fasaha da ya kwana yana haɗa agogon ƙararrawa a kan allon Arduino, da zarar lambobi sun haska, ƙararrawa ta buga, yakan ɗauka aiki ya ƙare. Sai ya lalubo gwangwanin madara ko kwalin takalmi ya cusa kayan ciki. Ga shi kuwa agogon a bakin gado zai kwana, mai magagin barci ne zai miƙa hannu ya kashe shi cikin duhu.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Idan aka saka taransifoma cikin akwatin ƙarfe, waya ɗaya ta ɓalle daga dalmarta ta taɓa bango, akwatin duka zai ja mutum, balle a gidajen da ba a yi musu wayar kai wuta ƙasa ba. Gara wutar nepa ta tsaya a soket, a bar wa cajar waya mai inganci aikin rage ta zuwa bolt 5, ita kaɗai ta shiga akwati. Ƙarfe ma yana tare siginar Wi-Fi, ga agogon da ke saita lokacinsa ta intanet.

Roba ba ta ja, amma roba suna ta tara. Irin ABS, wadda ake yin akwatunan na'urori da ita, ba ta fara laushi sai zafi ya kai wajen digiri 105. Irin PLA kuwa, wadda injin buga kaya na 3D ya fi amfani da ita, tun daga wajen digiri 60 take lanƙwashewa. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, agogon da aka manta cikin mota da tsakar rana zai iya fitowa a karkace. Busasshen katako ya yi, ga kyau, muddin an nisanta shi da sassan da ke ɗaukar zafi. Kwali dai a manta da shi.

Dole a huda wa zafi hanyar fita, musamman in akwai batirin lithium irin 18650, wanda ba a so a caja shi sama da digiri 45. Sai dai kowace huda ƙofa ce ga ƙurar hunturu da kyankyasai masu son ɗumi, don haka a yi ta a baya, a manna mata raga. Ita ma ƙararrawar tana son tata hudar, in ba haka ba muryarta ta shaƙe, a makara sallar asuba.

Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Yaro ya haɗiye shi, ya maƙale a maƙogwaro, zai iya ƙona naman wurin cikin awa 2. A gidan da ake da masu rarrafe, murfin da farce ke iya ɓallewa bai dace ba. A ɗaure shi da sukurori, yadda sai da sukundireba zai buɗu.