Abin Da Ke Tsaga Kwanson Harsashi A Hannun Maharba

Da zarar kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, maharban ƙasar Katagum sukan ɗauko bindigoginsu, daga Azare da Gamawa har zuwa fadamun kogin Jama'are inda tsohon garin Katagum yake. Yawancinsu bindigar toka suke riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma akwai masu bindiga mai cin harsashi, kuma saboda tsada da wuyar samu, wasu kan tsince kwanson da aka riga aka harba su sāke cika shi. A nan haɗarin yake, domin kwanso yana tsufa, tsufansa kuwa ba kowane ido ke gani ba.

Kwanson harsashin bindiga mai dogon zango da tagulla ake yinsa, watau jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. Aikinsa ya wuce riƙe albarushi. A lokacin da wuta ta tashi, ƙarfin da ke cikin bindiga irin ta soja yakan kai tan 20 a kan kowane inci murabba'i, sai kwanson ya kumbura ya toshe hanya don kada wutar ta komo fuskar mai harbi. In ya tsage, ido da yatsu ne ke biyan bashin.

Duk maƙerin da ya taɓa dukan tagulla ya san cewa yawan duka da lanƙwasa na sa ta taurara har ta karye. Haka kwanso yake: kowane harbi na buɗa shi, kowace cikawa na matse shi, har wuyansa ya dare. Wanda ya fi wannan muni shi ne siririn zobe mai ƙyalli da kan bayyana dab da gindi. Alama ce cewa bangon ya miƙe ya yi sirit daga ciki, kuma harbi na gaba yana iya raba kwanson biyu, rabi ya maƙale a cikin bindiga. Idan kuwa ƙwayar nan ta tsakiyar gindi, wadda kunama ke sara, ta baje ko ta yi sako-sako, to, albarushi ya fi ƙarfin bindigar.

Akwai kuma wata cuta da ta fi shafar ƙasar dawaki irin Katagum. A zamanin da sojojin Ingila ke Indiya, sun sha ajiye harsasai a bargar dawaki da damina, in rani ya yi sai a tarar da kwansuna sun tsattsage ba tare da an harba su ba. Sai a shekarar 1921 masana a Ingila suka bayyana dalili: iskar nan mai hawa kai da ke tashi daga fitsarin doki, wadda ake kira amoniya, in ta haɗu da laima takan ci tagullar da ke a takure. To, mai karatu ya duba inda maharbi ke rataya jakarsa a ƙauye. Sau da yawa a zaure ne ko ɗakin da ke jingine da turken doki ko garken awaki, ta kwana nan tun daga Yuni har Satumba.

Harsashin bindigar tsuntsaye, wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu, jikinsa roba ne, gindinsa kuwa galibi baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla. Tsatsa ce ke cinsa, robar kuma ta bushe ta dare a zafin bazara. Mafi haɗari duka shi ne a kwance harsashin zamani a zuba albarushinsa cikin bindigar toka. Bututun da maƙeri ya haɗa ba zai ɗauki wannan ƙarfi ba, fashewa zai yi.

Ta fuskar shari'a ma maganar ba ta da daɗi. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi in ba a ma'aikatun da gwamnati ta amince da su ba, irin masana'antar kayan yaƙi da aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda haka wanda kwanso ya fashe wa yakan ɓoye rauninsa a gida don tsoron 'yan sanda, sai ya rube kafin a kai shi asibiti a Azare. Lalle ne sarakunan baka da shugabannin maharba su riƙa duba jakunkunan yaransu kafin a buga gangar fita daji, duk kwanson da aka ga tsaga ko koren tsatsa a jikinsa a raba shi da mai shi a nan take.