FASHIN BAƘI: Yadda ake ceto bankuna a Najeriya, da abin da ya sa majalisa ke isowa bayan an gama

A watan Agustan 2024, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya amince da tallafin naira biliyan 700 domin haɗe Unity Bank da Providus Bank. Rance ne na shekara 20 a kan ruwan da ba zai gaza kashi 6 cikin ɗari ba, tare da sassaucin shekara biyar kafin a fara biyan uwar kuɗin. Adadin ya zarce ɗaukacin kasafin kuɗin Jihar Zamfara na wannan shekarar, wanda ya tsaya a kan kimanin biliyan 426.

Wata biyu kafin haka, a ranar 3 ga Yuni, CBN ɗin ya soke lasisin Heritage Bank, ya miƙa shi ga hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, domin ta sayar da kadarorinsa ta sallami masu ajiya. An tallafi banki ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, an bar ɗaya ya faɗi, kuma babu hukuncin da aka gabatar a zauren Majalisar Dokoki ta Ƙasa kafin a zartar da shi.

Unity ba baƙo ba ne a Arewa. An samar da shi a 2006 daga haɗakar bankuna tara, cikinsu har da Bank of the North da aka kafa tun zamanin Sardauna, mai hedikwata a Kano. Amma ko mutumin da bai taɓa shiga reshensa ba yana da ruwa da tsaki a wannan magana. Manomin shinkafa a Garbadu, ko mai noman rani a filayen madatsar Bakolori da ke shayar da Talata Mafara da Bakura da Maradun, yakan karɓi kuɗin amfaninsa ta hannun mai POS, ya saye taki da su. Kuɗin da ake ceto banki da su suna komawa kan darajar wannan nairar da ke hannunsa.

Inda taƙaddamar ta samo asali

Ranar 14 ga Agustan 2009, wata biyu da hawansa kujerar gwamnan CBN, Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank. Binciken haɗin gwiwa na CBN da NDIC ya gano cewa sun zuba kuɗin masu ajiya a kasuwar hannun jari da harkar shigo da man fetur, kuma basussukan sun maƙale. Aka ɗura masu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara da Bank PHB, Spring Bank da Equitorial Trust, jimillar kuɗin ceton ta kai biliyan 620.

Nan take 'yan Majalisar Wakilai suka tayar da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: da iznin wa? Hujjarsu ita ce sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a cire kuɗi daga asusun gwamnati ba tare da amincewar majalisa ba. CBN ya amsa cewa kuɗin ba daga baitulmali suka fito ba, rance ne da dokarsa ta ba shi ikon bayarwa a matsayinsa na madogarar ƙarshe ga bankin da ya shiga matsi, kuma za a biya.

Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Banki ba ya ajiye duk kuɗin jama'a a ma'ajiyarsa, yana ranta mafi yawansu ne ga wasu. Idan aka shafe mako biyu ana muhawara a bainar jama'a kan ko banki kaza zai tsira, masu ajiya za su yi masa dafifi, ya mutu tun kafin a kaɗa ƙuri'a, wataƙila ma ya ja lafiyayyun bankuna su bi shi. Wannan ce hujjar gaggawa da sirri, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kuɗin da babban banki ya ƙirƙira ba daga sama suke faɗowa ba. Idan rancen bai dawo ba, asarar tana bayyana a littattafan CBN, a ragin rarar da yake miƙa wa gwamnati, ko a farashin buhun taki.

A Amurka, a rikicin 2008, sai da gwamnatin George W. Bush ta kai buƙatar dala biliyan 700 gaban majalisa. Majalisar Wakilai ta yi fatali da ƙudirin ranar 29 ga Satumba da ƙuri'a 228 a kan 205, kasuwar hannun jari ta rikito, sannan aka yi masa kwaskwarima ya wuce ranar 3 ga Oktoba, da sharuɗɗan sa ido da babban mai bincike na musamman. Jinkirin ya yi tsada, amma ya bar takarda da sunan wanda ya amince da wanda ya ƙi.

AMCON, da bashin da ya ƙi ƙarewa

Inda majalisar Najeriya ta taka rawa sosai shi ne wajen kafa hukumar da za ta share ɓarnar. A Yulin 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar AMCON, hukumar da ta saye ruɓaɓɓun basussuka daga bankuna, ta ba su takardun lamuni da gwamnatin tarayya ta tsaya wa. Ƙimar takardun ta haura naira tiriliyan 5. A Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank, Spring Bank da Bank PHB, aka mayar da su Mainstreet, Enterprise da Keystone, AMCON ta zuba masu biliyan 679.

Masu ajiya ba su rasa ko kwabo ba a wannan zagaye, kuma wannan nasara ce da ba a raina ta. An kuma hukunta wasu: a Oktoban 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, ta ƙwace mata kadarori na kimanin biliyan 190.

Matsalar ita ce karɓo bashin. Shekara da shekaru jami'an AMCON suna shaida wa kwamitocin majalisa cewa kimanin mutum da kamfani 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ake bi, kuma abin da ya rage ya haura tiriliyan 4. Manyan masu cin bashin suna da lauyoyi, shari'a kuwa tana iya ɗaukar shekara goma. Majalisa ta gyara dokar a 2015, da 2019, da 2021, kowane lokaci tana ƙara wa hukumar haƙora: ikon bin diddigin asusun mai bashi, ikon wallafa sunansa, ikon kama kadarar da ko ba ita ya jinginar ba. Hukumar da aka yi zaton za ta kammala aikinta cikin shekara goma tana nan daram.

To wa ke cike giɓin? Kowane banki yana zuba rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar kadarorinsa duk shekara a asusun biyan bashin AMCON. Banki kuwa ɗan kasuwa ne, abin da aka ɗora masa yakan nemi fanshe shi a jikin abokin hulɗa, ta hanyar caji da tsadar rance. Ɗan kasuwar hatsi da ke cin kasuwar Talata a Mafara, wanda banki zai nemi takardar mallakar fili kafin ya ranta masa miliyan ɗaya, yana cikin masu taya attajiran da suka ci biliyoyi ba jingina ta ƙwarai biyan bashinsu.

Labarin Skye Bank ya nuna yadda majalisa ke zuwa a makare. An soke lasisinsa a Satumban 2018, ya koma Polaris, AMCON ta zuba biliyan 786. A Oktoban 2022 aka sayar da shi ga kamfanin Strategic Capital Investment a kan biliyan 50 a hannu, da alƙawarin biyan tiriliyan 1.305 cikin shekara 25. Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da cinikin, ta kafa kwamiti, cinikin kuwa ya tabbata. A Janairun 2024 sabon shugabancin CBN ya rushe hukumar gudanarwar Polaris tare da na Union da Keystone, bisa zargin saɓa wa dokar bankuna.

Abin da doka ta tanadar wa mai ajiya

Idan aka zaɓi a bar banki ya mutu, NDIC ce ke tsayawa. A Mayun 2024 ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a ƙananan bankunan al'umma kuwa daga 200,000 zuwa miliyan 2. Da Heritage ya faɗi, hukumar ta yi amfani da lambar BVN ta tura wa masu ajiya kuɗinsu a asusun da suke da shi a wani banki. Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5 sai ya jira a sayar da kadarori. Kason farko da aka biya a Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira ta abin da ya yi saura.

Ga ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa da ke tara kuɗin mambobi a asusu guda, wannan iyaka abin lura ce, domin ana lissafa ta ne a kan mai asusu a kowane banki, ba a kan yawan mutanen da suka yi karo-karo ba. Ƙananan bankunan ma ba su tsira ba: a Mayun 2023 kaɗai CBN ya soke lasisin guda 179.

Makaman da ke hannun majalisa

Ba za a ce majalisa ba ta da iko ba. Sassa na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba ta damar bincike da sammacin kowane jami'i. Dokar CBN ta 2007 ta wajabta wa gwamnan bankin bayyana gabanta sau biyu a shekara, da miƙa mata rahoton kuɗin da aka tantance. Dokar bankuna ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1991, ta kafa asusun warware matsalar bankuna, ta kuma ba da damar a ɗora asara kan masu hannun jari da masu bin banki bashi kafin a taɓa kuɗin jama'a.

Duk da haka, rahotannin kuɗin CBN na 2016 zuwa 2022 ba su fito fili ba sai a Agustan 2023. Majalisu biyu suka zo suka wuce a tsakanin. A ganina, sirri kafin ceto yana da uzuri, amma shirun da ke biyo bayansa ba shi da shi. Babu abin da zai hana a sa wa CBN wa'adin kwanaki ya kawo wa kwamitin majalisa bayanin kowane tallafi: nawa aka bayar, da wace jingina, me masu hannun jari suka rasa, me ya sa aka ceci wannan aka bar wancan.

Mutanen Zamfara sun san cewa hukuncin CBN yana iya ƙalubalantuwa. Jiharsu, tare da Kaduna da Kogi, ita ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan canjin kuɗi, aka yi nasara ranar 3 ga Maris 2023, bayan makonnin da takardar naira ta gagari kasuwannin karkara. Gwamnoni ne suka yi wannan, ta hanyar kotu. Yankin kuwa yana da sanatan Zamfara ta Yamma, Abdul'aziz Yari, ɗan Talata Mafara, da wakilan mazaɓun Anka/Talata Mafara da Bakura/Maradun, kuma kowannensu yana da ikon gabatar da ƙudiri ko neman bayani a zauren majalisa.

A Maris ɗin 2024 CBN ya umarci bankuna su ƙara jari zuwa biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na shiyya, da wa'adin 31 ga Maris 2026. Lokacin da Charles Soludo ya yi irin wannan a 2004 zuwa 2005, bankuna 89 sun koma 25, kuma shekara huɗu bayan haka aka sauke shugabannin takwas daga cikinsu. Rancen Unity kuwa, idan aka bi jadawalinsa, ba zai gama dawowa ba sai wajen 2044.