Ko Ka San Yaren da Mitar Wutar Gidanku Ke Ji?

A lungunan Yakasai da Koki da Mandawari, duk gidan da aka sa wa mitar wuta mai kati ya san yadda ake yi. A aiki yaro wajen mai POS, ya dawo da 'yar takarda ɗauke da lambobi 20, maigida ya tsaya a zaure yana danna su ɗaya bayan ɗaya, mita ta yi ƙara, yunit ya ƙaru. Galibin irin waɗannan mitoci ba sa tuntuɓar kowane ofishi kafin su karɓi lambar. Duk da haka mita ta san nawa aka saya, ta san lambar tata ce ko ta maƙwabci, kuma in aka sake danna wadda aka riga aka ci, sai ta ƙi.

Mai yin wannan aiki wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafafun ƙarfe a cikin akwatin, irin wanda masu gyaran waya ke ce wa ai-si. Kwamfuta ce sukutum a dunƙule, da wurin lissafinta, da wurin ajiyarta, da hanyoyin da take magana da madannai da allon nuni. Irinsa ne a cikin injin POS, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, da rimot ɗin talabijin. Akwai kuma wani mutum, a wani wuri, da ya zauna ya rubuta masa duk abin da yake yi, a yaren da ke kusa da ƙarfen kansa.

A shekarar 2024 mutanen Kano sun ga abin da wannan rubutu yake iya jawowa. A cikin lambobi 20 ɗin nan akwai wani ɓangare da ke nuna lokacin da aka sayar da tokin, wato lambar da ake dannawa, kuma a wancan lokacin ana ƙirga shi da mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993. Tsarin, mai suna STS, daga Afirka ta Kudu ya fito. Injiniyoyin da suka tsara shi sun ware wa wannan ƙidaya gurbi 24 kacal, kowane gurbi kuwa abu ɗaya cikin biyu yake ɗauka, ko sifili ko ɗaya. Gurbin nan shi ake kira bit. Bit 24 iyakar abin da za su iya ƙirgawa mintoci 16,777,216 ne, wato kusan shekara 32. Kamar mai jan carbi ne, in ya kai ɗan ƙarshe babu inda za shi sai ya koma na farko. Da aka buga lissafi, ranar komawar ta faɗo a 24 ga Nuwamban 2024. Daga ranar, duk sabon tokin zai zo da 'yar ƙaramar lamba, mita ta ɗauka tsoho ne, ta yi watsi da shi.

Shi ya sa hukumar NERC da kamfanonin rarraba wuta, har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, suka yi ta shela cewa masu tsofaffin mitoci su karɓi lambobin sauya mabuɗi guda biyu su danna kafin wa'adi ya cika. Lambobin sun mayar da mafarin ƙidayar zuwa 2014, abin da ya ɗage matsalar zuwa 2045.

Wanda ya koyi yaren kwamfuta na ƙasa-ƙasa, tun a makonninsa na farko yake cin karo da irin wannan tambaya: bit nawa lambar nan za ta ci, kuma me zai faru in wurin ya cika? A nan ne muhawarar da matasa masu sha'awar rubuta manhaja ke yi ta samo tushe, wato da wane yare ya kamata sabon shiga ya fara.

Ai-si ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Abin da ya sani ƙananan umarni ne na lambobi zalla: ɗauko abin da ke adireshi kaza, haɗa shi da wancan, ajiye sakamakon a can, in sifili ne tsallaka zuwa umarni kaza. Masu aikin farko da lambobin suke rubuta komai, aiki mai cin rai da yawan kuskure. Sai aka ƙirƙiro Assembly, inda kowane umarni ya samu gajeren suna irin su MOV da ADD. Ana danganta ɗaya daga cikin na farko ga wata masaniyar lissafi 'yar Ingila, Kathleen Booth, a 1947. Da Assembly aka rubuta manhajar kwamfutar da ta sauke 'yan sama-jannatin Apollo 11 a kan wata a 1969, aikin da Margaret Hamilton ta jagoranci wani babban ɓangarensa a cibiyar MIT ta Amurka. Wurin da kwamfutar ke iya rubutu da gogewa kalmomin na'ura 2,048 ne kawai. Matsalar Assembly ita ce kowane dangin ai-si da nasa. Abin da aka rubuta wa ARM na cikin wayoyin hannu ba zai yi aiki a kan Intel na kwamfutar cinya ba.

Dennis Ritchie ne ya kawo sauƙi. A 1972, a ɗakunan binciken Bell Labs, ya fito da yaren C, wanda mutum zai iya karantawa, amma bai ɓoye masa adireshin ma'adana ko girman lamba ba. Wata manhaja mai aikin tafinta ce ke juya rubutun zuwa lambobin kowace na'ura. A 1973 aka sake rubuta tsarin Unix da shi. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, shi ma da C. Android kuwa a kan zuciyar Linux take zaune. Ke nan duk Tecno da Infinix da itel masu Android da ake ciniki a kasuwar Farm Centre da titin Beirut, a can ƙasansu C ne ke jan ragama. Hatta Python, yaren da aka fi yabo da sauƙi, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, babbar manhajar da ke gudanar da shi da C aka rubuta ta.

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ido ita ce wani ɗan allo shuɗi mai suna Arduino Uno, wanda ɗaliban injiniya ke yawan amfani da shi a aikinsu na kammala karatu. Aikin Arduino ya faro ne a garin Ivrea na Italiya a 2005. A tsakiyar allon akwai ai-si mai suna ATmega328P, yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, yana da wurin ajiye manhaja kilobayit 32, da wurin aiki bayit 2,048. Hoto ɗaya na wayar hannu ya ninka wannan wurin aiki ɗaruruwan sau. A gefen allon an jera ramuka masu lamba, na 13 yana haɗe da wata 'yar fitila. A cikin ai-sin akwai wani bayit, wato ƙaramin rukunin bit, da ke zaune a adireshi na 37. Da zarar an shirya ƙafar ai-sin da ke haɗe da rami na 13 ta zama mai fitar da wuta, in aka sa ɗaya a bit mai lamba 5 na wannan bayit, sai wuta bolt 5 ta fito a rami na 13, fitila ta kama. A mayar da shi sifili, ta mutu. Ɗalibi zai iya ɗora wayoyin mitar awo a kan ramin ya ga lambar tana hawa da sauka daidai da abin da ya rubuta.

A kan wannan allo, lamba ta yau da kullum a yaren C bayit 2 take ci, kuma ba ta wuce 32,767. Agogon allon da ke ƙirga lokaci yakan cika ya koma sifili bayan kusan kwana 50, don haka wanda ya haɗa na'urar ba da ruwa a gona ko ta kula da zafin ɗakin kaji dole ya yi tanadin wannan rana. A Python kuwa, a kwamfutar zamani, lamba ɗaya ƙarama tana cin bayit 28, kuma yaren da kansa yake faɗaɗa mata wuri in ta girma. Mai koyo ba ya ganin komai daga wannan. Sauƙi ne babba, amma shi ne dalilin da Python ba ta shiga cikin Uno.

Manyan makarantu ma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa kuma ake samunsa kyauta a intanet, yana buɗewa da Scratch, yaren jera tubala na yara, sai ya shafe makonni a kan C, daga baya ya koma Python. Hikimar ita ce ɗalibin da ya sha wahalar jera lambobi da hannunsa zai gane abin da Python ke yi masa a ɓoye. MIT kuwa da Python take fara koyar da sabbin ɗalibai. A nan Afirka, shirin ALX na horar da injiniyoyin manhaja, wanda matasan Najeriya da yawa suka shiga a 'yan shekarun nan, ya riƙa farawa da C, har ana sa ɗalibai su sake rubuta printf, wato umarnin da ke fitar da rubutu a allo, tun daga tushe.

Masu cewa kada a fara da C suna da hujja mai ƙarfi. Yaren ba ya riƙe hannun kowa. In mutum ya ware wuri na abu 10 ya rubuta na 11, C ba zai hana shi ba, sai dai rubutun ya faɗa kan kayan da ke maƙwabtaka ya ɓata su, manhaja ta rushe a wani wuri can daban, mai koyo ya kwana yana neman dalili. Da yawa a nan suke karaya su bar karatun gaba ɗaya. Ƙwararru ma ba su tsira ba. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. An manta a duba tsawon saƙon da aka nema, sai na'ura ta riƙa miƙa wa mai tambaya abin da ke gefe a ma'adanarta, har da kalmomin sirri. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ma'adana suke. Wannan ne ya ɗaga darajar Rust, yaren da ke aiki kusa da na'ura amma yake kama irin waɗannan kurakurai tun kafin manhaja ta fara gudu. Cikakken fitowarsa ta farko a 2015 ce, kuma a ƙarshen 2022 aka buɗe masa ƙofa a cikin Linux.

Saboda haka zaɓin ya danganta da abin da mutum ke son ginawa. Matashiyar da ke son haɗa wa shagon mahaifinta a Kasuwar Kurmi manhajar lissafin kaya da bashi, ko shafin tallata turare da atamfa, Python ko JavaScript za su kai ta ga biyan buƙata cikin 'yan makonni, kuma ganin sakamako da wuri shi ke ƙara wa mai koyo ƙwarin gwiwa. Amma wanda hankalinsa ke kan inbata da mita da injin ban ruwa, ko tsaron intanet, ko ya fara da C ko ya jinkirta, zai zo ya same shi a gaba.

A nan Kano ke da wani jari da ba a cika lissafawa da shi ba. Birnin da ya shahara da marinar Ƙofar Mata da maƙera da dukawa yanzu cike yake da matasa masu gyaran waya da inbata, waɗanda suka koyi aikin a hannun oga kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Yaron da ke iya ɗaga ai-si da iska mai zafi ya mayar da wani ba tare da ya ƙona na kusa ba, ya riga ya san bolt, ya san layin da ya yanke, ya san karanta taswirar allon waya. Abin da ke tsorata ɗalibin aji, wato ƙarfen kansa, shi abincinsa ne na kullum. In ana yi wa waya filashin, manhajar da wasu suka rubuta a wata ƙasa yake zubawa a ciki. Abin da ya rage masa shi ne ya iya rubuta tasa, kuma ga irinsa C a kan ɗan allo mai fitila ya fi kowane yare saurin shiga kai, domin kowane layi yana da abin da zai auna da mita.

Kayan farawa kuma ba su da tsada kamar yadda ake zato. Tafintan C mai suna GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfutar cinya ta gwanjo tana ɗaukarsa. Manhajar rubuta wa Arduino ita ma kyauta ce, ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya sa manhajar Termux a wayarsa ta Android, ya ɗora tafintan Clang, ya rubuta C ya gwada a nan take. Akwai ma allon Raspberry Pi Pico, da ya fito a 2021 a kan dala 4, mai wurin aiki kilobayit 264. Shi yana karɓar C, yana kuma karɓar MicroPython, wani ƙaramin nau'in Python da Damien George ya fara a 2013, ta yadda mai koyo zai iya rubuta aiki ɗaya da yarukan biyu a kan allo guda, ya gwada saurinsu da wurin da kowanne ya ci.