Junifa: Itacen Ado Da Yawan Ruwa Ke Cinye Jarinsa

Tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a shekarar 1991, sana'ar renon furanni da itatuwan ado ta zama hanyar cin abinci ga jama'a da dama. Daga cikin itatuwan da ya kamata mai wannan sana'a ya san halinsu kafin ya zuba jari akwai junifa, wanda ganyensa ke zama kore shar rani da damina.

Junifa itacen tuddai ne da ƙasashe masu sanyi. Nau'in da aka fi dasawa domin ado asalinsa daga Sin da Japan ne, akwai kuma wani babba a tsaunukan Habasha da Kenya, wanda a da ake fitar da katakonsa domin yin fensir. Saboda haka a Nijeriya ya fi jin daɗin wurare irin su Jos, mai tudun kimanin mita 1,200, da kuma Mambila.

Babbar asarar da mai reno ke yi ba daga fari take zuwa ba, daga yawan ban-ruwa ne. Saiwar junifa ba ta jure kwanciyar ruwa. Da zarar ta ruɓe sai ganye ya koma ja, kuma magani ba ya dawo da ita. Don haka a dasa shi a ƙasa mai rairayi, a fili mai samun rana sosai, a kuma bari saman ƙasar ya bushe kafin a sake shayarwa. Da hunturu a riƙa wanke ganyen, domin ƙura da bushewar iska na jawo ƙananan ƙwari masu tsotse shi.

Wajen aski ma sai da lura. A datse kan reshe kawai, domin tsohon reshen da ba ganye ba ya sake toho.

Hanya mafi arha ta yawaita shi ita ce yankan reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 a kafa a rairayi mai laima. Yana ɗaukar watanni kafin ya yi saiwa, da shekaru kafin ya yi kyan gani. Wanda ya ci bashi na gajeren lokaci domin wannan sana'a zai sha wuya. Riba tana ga mai haƙurin jira.