Yadda Za A Zaɓi Na'urar Rarraba Intanet A Gida

Yau an wayi gari intanet ya shiga gidaje. Malami na shirya darasi da shi, akawu na aika takardu, yara kuma na karatu. Na'urar da ke rarraba shi ga wayoyi da kwamfutoci ba tare da igiya ba, ita a ke kira rauta. Mutane da yawa su kan duba yawan ƙahoninta da girman lambar da ke jikin kwali, su zuba kuɗi, sa'an nan su iske ɗakin ƙurya ba ya samun kome. Saboda haka mu ke jawo hankalin jama'a ga abubuwa huɗu.

Na farko, rauta kamar famfo ta ke, ba ta ba da abin da ya fi wanda bututu ya kawo. Idan kamfani megabit 20 ya ke ba ka, ko ka sayi mafi tsada 20 ɗin za ka samu. Lambar nan AC1200 kuwa jimla ce ta 300 da 867 da aka cike, ba wayar da ke samunta duka. Inda igiyar kamfani ba ta kai ba, sai a nemi rauta mai cin layin waya, amma a fara bincika kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwa, domin waɗansu an ɗaure su ga kamfani ɗaya.

Na biyu, zango. Rauta na aiki a kan gigahaz 2.4 ko 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, na 5 ya fi sauri amma katangar laka mai kauri da siminti mai rodi su kan raunana shi. Lalle a sayi mai zango biyu. Irin da a ke kira Wi-Fi 5 ya fito a 2013, Wi-Fi 6 kuma a 2019. Gida mai ɗaki uku ko huɗu da wayoyi kamar goma, Wi-Fi 5 ya ishe shi.

Na uku, makulli. Tsohon tsarin WEP tuni aka san yadda a ke fasa shi. A duba kwali a ga WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Ran da aka kunna ta a canja kalmar sirrin da ta zo da ita, in ba haka ba maƙwabta su cinye abin da mutum ya biya daga albashinsa.

Na huɗu, wutar lantarki. Inda a ke yawan ɗauke wuta, a nemi mai batir a ciki, ko a haɗa mata ƙaramin batir, tun da yawancinsu bolt 12 su ke ci.

In an kawo ta gida, kada a ajiye ta a zaure ko bayan kabad na ƙarfe. A ɗora ta a sama, a ɗakin da ke tsakiyar gida. Sau da yawa wannan kaɗai ya fi ƙarin kuɗi amfani. Kowa ya auna gidansa kafin ya tafi kasuwa, daidai ruwa daidai tsaki.