Matso da Tiyata Kusa da Bakin Daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya

A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914–1918), idan sojan Birtaniya ya ji rauni a Faransa ko Beljiyam, ɗaure masa raunin ake yi a bakin daga, a kai shi tashar tantance majinyata, daga can jirgin ƙasa ya wuce da shi manyan asibitocin baya irin na Boulogne da Rouen. Aikin tashar bai wuce rarrabewa da turawa gaba ba. Zuwa 1917 waɗannan tashoshi sun rikiɗe sun zama asibitocin tiyata masu ɗaruruwan gadaje, galibi kilomita 10 zuwa 20 daga ramukan yaƙi.

Babban abin da ya tilasta wannan canji shi ne irin raunukan da yaƙin ya zo da su. Mafi yawansu na igwa ne, wadda tarkacenta ke yaga nama ya cusa laka da tsumma a ciki. Gonakin yankin kuwa sun daɗe suna shan taki, ƙasarsu cike take da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da nama da masu jawo tetanus, ga shi ba a samu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ba tukuna. Likitocin sun taho da darasin Yaƙin Boer na 1899–1902, inda suka saba barin raunin ciki ba tare da tiyata ba. A lakar Flanders wannan jira ajali ne, domin kafin majinyaci ya isa asibitin baya cuta ta riga ta cinye shi. Tsayawar yaƙin a wuri guda tun ƙarshen 1914 ita ta ba da damar kafa asibiti ya zauna, motoci kuma suka rage lokacin jigila.

Asibitin tantuna ne da rumfunan katako a gefen layin dogo. Akan jera biyu ko uku wuri ɗaya suna karɓa-karɓa: ɗaya ya cika, na gaba ya buɗe. Majinyaci yakan iso cikin laka da jini da ƙwarƙwata, ɗaure da takardar da ke bayyana rauninsa da allurar da aka yi masa. A yanke masa tufafi, likita ya duba, ya yanke hukunci nan take: wannan ya jira jirgi, wannan a shiga da shi tiyata, wannan a ɗumama shi da barguna har jikinsa ya iya ɗaukar wuƙa, wancan kuma a kai shi tantin waɗanda aka cire wa rai, a ba shi morfin ya samu sauƙi. Ranar babban gumurzu tebura da yawa ke aiki a lokaci guda dare da rana. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, farkon yaƙin Somme, Birtaniya ta samu matattu da raunanu da ɓatattu 57,470, har majinyata suka kwanta a fili. Idan ƙura ta lafa, zazzaɓin ramuka da ruɓewar ƙafa ke cika gadaje, ma'aikatan jinya kuma su zauna rubuta wa iyalan mamata wasiƙa.

Amfanin matsowar a bayyane yake. Yanke ruɓaɓɓen nama da wuri, tare da wanke rauni da ruwan maganin da Alexis Carrel da Henry Dakin suka fito da shi a 1915, ya rage yanke gaɓoɓi. Karan ɗori na ƙarfe mai suna Thomas, wanda ya yaɗu daga 1916, ya sa yawancin masu karayar cinya suna isowa da rai, alhali a da akasarinsu mutuwa suke yi. A 1917 likitan Amurka Oswald Robertson ya nuna cewa ana iya adana jini a kwalba a ƙara wa majinyaci daga baya. Na'urar hoton ƙashi ma ta matso, har Marie Curie ta tanadar wa sojan Faransa motoci masu ɗauke da ita.

Kusancin ya zo da nasa tsadar. Asibitin Brandhoek kusa da Ypres, wanda aka keɓe wa raunin ciki da ƙirji, ya sha ruwan igwa a watan Agusta 1917, inda ma'aikaciyar jinya Nellie Spindler ta rasa ranta. An binne ta a maƙabartar Lijssenthoek, wadda ta tashi a gefen asibitocin Remy Siding, take ɗauke da kaburbura sama da 10,000. A Maris 1918, da Jamusawa suka kutso, asibitoci da dama sun kwashe majinyata a gurguje sun bar kayansu. Akwai kuma nauyin zaɓen wanda za a ceta da wanda za a bari, wanda ya gajiyar da zukatan ma'aikata. A wurin rundunar soja kuwa, warkar da soja hanya ce ta mayar da shi fagen fama, don haka ingancin asibitin ya taimaka wajen ciyar da yaƙin da mayaƙa.

Duk da haka ƙa'idar ta tabbata: tazarar lokaci tsakanin rauni da tiyata ita ke raba mai rayuwa da mai mutuwa. A kanta Amurka ta gina asibitocin tafi-da-gidanka na Yaƙin Koriya (1950–1953), inda jirage masu saukar ungulu suka ƙara gajarta tafiyar, kuma daga gare ta sassan gaggawa na asibitocin farar hula suka gaji tsarin tantance majinyata da ajiyar jini.