Kallon Tsere a Sepang Ba Lasisin Tuƙi Ba Ne

Duk shekara, wajajen Oktoba ko Nuwamba, idan gasar babura ta MotoGP ta iso Malesiya, samarinmu masu karatu da masu fatauci a can sukan yi ayari su nufi filin tsere na Sepang, kusa da babban filin jirgin saman Kuala Lumpur. Zuwa kallo ba laifi ba ne. Tun 1999 aka buɗe filin, zagayensa ya ɗan haura kilomita 5.5, da kwana 15, kuma a miƙaƙƙen wuri babur kan wuce kilomita 300 a awa. Mai zuwa ya riƙe ruwan sha, hular rana da abin toshe kunne, don zafin wurin da ƙarar injin ba sa raga wa kowa.

Ɓarnar bayan an tashi take zuwa. An koma gari, an zauna a shagon abinci da suke kira mamak ana shan shayi da roti, an yi sababbin abokai, kowa na kwaikwayon yadda gwaninsa ya kwanta a kwana har gwiwarsa na shafar kwalta. Sai wani ya ajiye makullin babur a kan tebur: “Mutumina, ɗana ka ji.” Da idona na ga wani yaro ya karɓa, da silifas da rigar ƙwallo, ya kifa hular kwano igiyarta na reto, ya miƙa wa abokinsa waya ya ɗauke shi. Yana fita titi ya kama hannun dama yadda ya saba a gida. To a Malesiya hannun hagu ake bi, mu kuwa a Najeriya mun bar shi tun 1972, kafin a haifi uban wani ma. Mai mota ya kauce masa da ƙyar, shi kuma ya taka birki ya sulale. Hular ce ta fara barin kansa, fatar hannunsa daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta zauna a kwalta. Abokan suka ce tsautsayi ne. Wane irin tsautsayi? Ganganci dai.

Wanda kuke kwaikwayon nan yana cikin rigar fata daga wuya har idon sawu, kuma tun 2018 aka wajabta masa mai jakar iska a ciki. Idan ya zame, tsakuwa aka shimfiɗa ta tare shi, ba mota mai zuwa daga gaba, ga likitoci a bakin fili. Duk da haka, a wannan fili na Sepang, ranar 23 ga Oktoban 2011, Marco Simoncelli ɗan Italiya ya zame a zagaye na biyu, babura biyu suka bi ta kansa, har hularsa ta fita, ya rasu yana ɗan shekara 24. Wannan wanda sana'arsa ke nan, balle kai da ka ari babur da daddare.

In har dole sai ka hau, ka ɗaure igiyar hular nan har sai yatsa biyu kawai ke iya shiga tsakaninta da haɓarka. Hular da ba a ɗaure ba, da ita da babu duk ɗaya. Ka tabbata lasisinka na babur ne, ba na mota ba, kuma ƙasar ta yarda da shi, don kamfanonin inshora da dama ba sa biyan kuɗin asibitin wanda ya yi hatsari ba lasisi, sai dai a yi ta buga waya gida ana haɗa kuɗi. Ka kuma yi nesa da samarin da suke kira Mat Rempit, masu tseren dare a titi. Idan 'yan sanda suka yi kame, su 'yan gida ne, kai ne mai biza. Motar haya tana nan har tsakar dare, ku haɗa kuɗi ku huɗu ta kai ku masauki.